A Duba Ƙananan Likitocin Karkara Kafin Damina Ta Sauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina game da kiwon lafiyar jama'a a jihar Damagaram, musamman a karkara, inda mafi yawan mutanenmu suke zaune. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya, kuma fiye da ashirin daga cikinsu na yi su ne ina majo a ƙananan likitoci tsakanin yankunan Miriya, Magarya da Tanut, kafin in yi ritaya in dawo gida unguwar Birni. Saboda masu karatu na ƙetaren iyaka, idan mu nan muka ce likita, sau da yawa gidan shan maganin muke nufi, majo kuwa shi ne ma'aikacin jinyar da ke shugabantar gidan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka tayar da zancen lafiya a rediyo ko a jarida, sai hankali ya koma kan manyan asibitoci, da na'urorin ɗaukar hoton jiki, da ƙwararrun likitocin da ake jiran zuwansu daga Yamai. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ni kaina na kwanta a babban asibiti an yi mini aiki, na san amfaninsa. Sai dai abin da idona ya gani a tsawon aikina shi ne, mafi yawan yaran da suka cika a hannuna an riga an yanke hukuncin rayuwarsu kwana biyu ko uku kafin in gan su, a cikin ɗakin uwarsu, ko a teburin mai sayar da magani a kasuwa, ko a kan hanyar da ruwa ya yanke. Babban asibiti yana karɓar ƙarshen labari ne kawai. Farkonsa yana can ƙauye, a hannun uwa da mai gida da ƙaramar likitar da ta fi kusa da su.

Wanda yake son ya gane lafiyar mutanen karkararmu, to ya dubi watan Agusta. A lokacin ne rumbu ya ƙare, gero ya yi tsada a kasuwa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. A lokacin ne kowane mai ƙarfi yake gona tun asuba, mata ma suna gayaunarsu bayan sun gama aikin gandu, waɗansu mazajen kuma ba su dawo daga ci-rani ba. A lokacin ne tafkuna suka cika, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gauraya da ƙazantar da ruwan sama ya kwaso daga bayan gari, koramu kuma suka datse hanyoyin da mota ke bi da rani. Yunwa da masassarar cizon sauro da zawo duk suna sauka a kan yaro ɗaya a wata ɗaya, daidai lokacin da uwarsa ba ta da kuɗi, ba ta da sukuni, ba ta da hanya. Duk ma'aikacin lafiya a jihar nan ya san haka, tunda rajistar majinyata tana nuna shi kowace shekara ba fashi, daga Yuli zuwa Oktoba. Abin mamaki shi ne yadda damina take zo mana kowace shekara kamar baƙon da bai aiko da sanarwa ba.

Bari in ba da labarin wata mata da ba na mantawa da ita. Ta iso mini da la'asar, goye da ɗanta mai shekara biyu, bayan ta taka kusan kilomita goma sha huɗu a ƙasa. Yaron ya kwana uku da zafin jiki. A rana ta farko ba ta fito ba, domin mijinta yana Najeriya wurin neman kuɗi, surukinta kuma ya ce a dakata a gani, wataƙila haƙori ne. A rana ta biyu ta sayar da ƙwai ta sayi ƙwayoyi biyu a wurin mai tebur, jikin ya ɗan yi sanyi, kowa ya ce an samu sauƙi. A rana ta uku yaron ya fara sanƙamewa, aka ce iska ce, aka yi masa turare da tofi, sai da abin ya ci tura aka ba ta izinin fita. Da na buɗe fatar idonsa na ga ta yi fari fat, na san jini yake bukata, jini kuwa sai a asibitin gunduma. Motar ɗaukar majinyata tana nan, amma babu mai a cikinta, sai dangi sun biya, kuma kafin a tara kuɗin dare ya raba. Yaron ya cika a hanya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, maganin da zai warkar da shi a rana ta farko yana cikin kabad ɗina, kuma kyauta ne ga ɗan shekara biyu. A takarda na rubuta cewa masassarar cizon sauro ce ta kashe shi, amma ni na san nisa da jiran izini da rashin kuɗin mai duk suna da hannu, ga shi kuma takardar ba ta da gurbin rubuta su.

Kada mai karatu ya ɗauka kuka kawai na zo yi, domin Nijar ta taɓa nuna wa duniya abin da ƙananan matakai suke iya yi. Binciken lafiyar al'umma na 1992 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 318 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar. Binciken 2012 ya nuna adadin ya sauko zuwa 127. A tsakanin waɗannan shekaru ba a cika ƙasar da manyan asibitoci ba. Abin da aka yi shi ne, tun daga 2001, a ƙarƙashin shirin musamman na marigayi Shugaba Tandja Mamadu, an gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen dubu biyu a ƙauyuka, aka horar da ƴaƴan garuruwan su riƙa duba masassara da zawo da ciwon haƙarƙari. A 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, tare da awon ciki da tsarin tazarar haihuwa, bayan an riga an yafe kuɗin fiɗar haihuwa. Aka raba sange mai magani gida-gida, aka riƙa ɗiga wa yara sinadarin bitamin A tare da rigakafi, sannan bayan yunwar 2005 aka kafa wuraren kula da tamowa har cikin ƙananan likitoci. Ina kan aiki lokacin da aka fara kyautar nan, kuma na ga yadda layin mata ya ninka cikin ƴan watanni, abin da ya tabbatar mini cewa ba ƙin asibiti mutanenmu suke yi ba, kuɗin ne ba su da shi.

Haka kuma dattawan yankin Miriya ba su manta da kurkunu ba, cutar da take kwantar da manomi daidai lokacin noma har gonarsa ta zama saura. Ba allura ce ta kawar da ita ba, ba kuma ƙwaya ba. Ƙyallen tace ruwa ne, da rijiyoyin burtsatse, da ƴan sa-kai na ƙauye waɗanda suke hana mai ciwon shiga tafki, har aka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Wannan shi ne ainihin abin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Alma-Ata na 1978, wato a kai kiwon lafiya kusa da inda mutane suke zaune, da hannunsu a ciki, da kuɗin da za su iya ɗauka.

To, ina aka samu tangarɗa? A ganina wuri na farko shi ne kabad ɗin magani. Tun bayan shirin Bamako na 1987, ƙananan likitoci suna rayuwa ne da ɗan abin da majinyata suke biya, wanda kwamitin gari yake riƙewa ya sake sayen magani da shi. Da aka kawo kyauta, sai tsarin ya zama likita ta yi wa yaro magani, ta rubuta takardar bashi, gwamnati ta biya daga baya. Yara da mata masu ciki kuwa su ne mafi yawan masu zuwa. Idan biyan ya yi jinkiri na watanni, wani lokaci har shekaru, asusun kwamiti yakan ƙafe, kabad ya zama fanko, majo kuma ba shi da abin yi sai ya rubuta wa uwa takardar sayen magani ya ce ta je farmasi. Farmasin yana birni, kuɗin mota ya fi kuɗin maganin, don haka sai ta koma wurin mai tebur, wanda ƙwayoyinsa suka sha rana da ƙura, wanda kuma zai sayar mata da guda biyu a maimakon cikakken adadin kwana uku. Matar da ta taka kilomita goma ta koma da takarda kawai a hannu, ba za ta sake takowa ba, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta. Na yi murna ƙwarai da ragin rabin kuɗin magani a asibitocin gwamnati da aka fara aiki da shi a watan Satumba na 2024, tare da mai da haihuwa kyauta, domin mataki ne da talaka ya ji a jikinsa. Tambayar da nake yi a kansa ita ce wadda muka yi a 2006: wa zai cike gurbin kuɗin da likita ta daina karɓa, kuma a wane wata zai iso? Idan amsar ba ta fito fili ba, ragin zai tsaya a jikin allon sanarwa, kabad kuwa ya ci gaba da zama wayam.

Wuri na biyu shi ne mu ma'aikata, kuma a nan ba zan kare kaina ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram tana da mutum sama da miliyan uku da rabi, ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙasar, yau kuwa adadin ya wuce haka nesa. Amma duk wanda ya zagaya ya san cewa ma'aikatan lafiya sun taru a birane, har a sami unguwar da ungozomomin asibiti suke karɓa-karɓar aiki saboda yawansu, alhali akwai likitar karkara da mutum ɗaya yake awo, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa da dare, shi ne kuma mai cike takardun rahoto na ƙarshen wata. Idan aka kira shi taron ƙara wa juna sani a birni, sai a rufe ƙofa kwana biyar. Ba na ganin laifin yarinyar da ta gama makaranta ta ƙi zama a garin da babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu makarantar da za ta sa ɗanta; laifin yana kan tsarin da bai bambanta ladan wanda ya zauna a daji da na wanda ya zauna kusa da kwalta ba. Sai dai akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi, wato sakin fuska. Na sha jin abokan aikina suna yi wa mace tsawa a kan gadon haihuwa, ko suna kunyata uwa a gaban jama'a don ɗanta ya rame, ni ma a ranakun gajiya na faɗi maganganun da nake istigfari a kansu har yanzu. Mace ta gwammace ta haihu a ɗakinta a hannun tsohuwar da za ta riƙe ta tana yi mata sannu, da ta je inda za a wulaƙanta ta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan darasi ya kamata ya shiga jarrabawar makarantun koyon aikin lafiya kamar yadda lissafin ƙwayar magani ya shiga.

Sai batun ruwa, wanda ba sai an yi wa Badamagare dogon bayani a kansa ba. Birninmu yana zaune a kan dutse, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma duk da haka idan bazara ta yi tsanani akwai unguwannin da famfo yake kwana da kwanaki bai ɗiga ba, sai abin da ƴan ga-ruwa suka kawo. Gidan da yake sayen ruwa da jarka ba zai zubar da shi wajen wanke hannun yara sau biyar a yini ba, komai yawan wa'azin da aka yi masa a rediyo. A karkara kuwa na yi aiki a likitar da dangin mai naƙuda ne suke zuwa da tulun ruwan da za a wanke ta da shi, kuma ban san yadda za a hana cuta yaɗuwa a ɗakin haihuwar da babu ruwa ba. Kwalarar da ta ɓarke a 2021, wadda ta kama mutum sama da dubu biyar a ƙasar, har da jiharmu da ta Maraɗi, ta bi hanyar da muka sani ne, wato rashin masai da gurɓatar rijiyoyi. Ambaliyar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni mai tarihi, ta kuma rushe masai da yawa da babu wanda ya ƙidaya, ta bar kududdufai a tsakiyar unguwanni. Rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana a harabar likita, wadda gari ma zai riƙa ɗiba, tana rage majinyata fiye da ƙarin gadaje goma.

Batun tamowa ya fi kowanne ɗaure kai, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Kudancin jiharmu, wato Magarya da Kance da Dungas, shi ne yankin da ya fi samun ruwan sama, shi ne mai gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, amma kuma nan ne wuraren kwantar da yara masu tamowa suke cika har a shimfiɗa tabarmi a ƙasa idan damina ta yi nisa. Tun 2005 ƙungiyar likitocin nan na duniya ta MSF take aiki a Magarya a kan wannan matsala. Ke nan ba rashin hatsi kaɗai ba ne. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, manomi yana sayar da wake da gyaɗarsa da kaka a kan arha don biyan bashi da hidimar biki, ya sake sayen gero da tsada da damina. Yaron da aka yaye kwatsam saboda uwarsa ta samu wani ciki, sai a miƙa shi ga kaka, abincinsa ya zama farau-farau, ruwa ya fi gari yawa, babu nono, babu mai. Ga al'adar matse dakashi a zubar a ce ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, ga ba shi ruwa tun ranar haihuwa a maimakon nonon uwa zalla har wata shida, ga cire belu a hannun wanzami da aska ɗaya. Zawo yana kawo rama, rama tana buɗe wa masassara ƙofa, masassara kuma ta ƙara ramar. Abincin gyaɗar nan na cikin leda da ake ba yara yana ceton rai, na gani da idona, amma yaron da aka sallama ya koma gidan da babu abin da ya canja, yakan dawo bayan wata uku.

Duk da haka, a wannan fanni ne na ga dabarar da ta fi burge ni, kuma a ƙasar Miriya aka fara gwada ta, ta hannun ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA. An koya wa iyaye mata su riƙa auna damtsen ƴaƴansu da kansu da ɗan zaren awo mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya likita. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya gane ja da kore, kuma ita ce take tare da yaron dare da rana. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara. Ta nuna cewa uwar da muke yi wa kallon jahila ita ce ma'aikaciyar lafiya ta farko, idan aka ba ta kayan aiki aka kuma yarda da hankalinta.

Wannan ya kawo ni ga maza. Binciken 2012 ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, kuma kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga kunyar haihuwar fari da take hana ta faɗin cewa naƙuda ta kama ta, ita ce take kwana biyu tana fama a ɗaki, daga nan kuma yoyon fitsari yake samo asali. Ba mace ce take yanke shawarar ranar aurenta ba, ba ita take riƙe da kuɗin mota ba, ba ita take ba kanta izinin fita ba. Shi ya sa makarantun mazaje, waɗanda aka fara a nan jihar Damagaram a 2008 tare da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, suka yi tasiri: magidanta masu mutunci suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita da tazara, suna jawo hankalin ƴan uwansu, har waɗansu suka gina wa ungozoma ɗaki da hannunsu. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗa a huɗuba cewa mai gida zai iya ba iyalinsa izini tun kafin ya yi tafiya, cewa duk ranar da yaro ya yi zafin jiki a kai shi likita ba tare da jiran kowa ba. Magana ɗaya daga bakin liman ko mai gari ta fi fastoci ɗari da aka manna a bango. Karatun ƴaƴa mata kuwa, na lura a rajistata cewa uwar da ta yi ko da aji shida ba ta cika tsallake ranar rigakafi ba.

Rigakafin ma yana bukatar a dube shi da idon mutanen iyaka. Mutumin Matamai yana cin kasuwar Daura, na Dungas yana cin ta Maigatari, aure da zumunta sun haɗa mu, cuta kuma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Sanƙarau da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya kama mutum sama da 500 a jiharmu, mafi yawa a Dungas, kuma ba irin wanda allurar rigakafin sanƙarau ta 2010 ta karya lagonsa ba ne, wani nau'i ne dabam. Mashaƙo da ya addabi yankin Matamai a 2023 cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum take hanawa, don haka bayyanarta shaida ce cewa akwai yara da yawa da ba a kai gare su ba. Kamfen ɗin rigakafi na kwana huɗu yana da amfani, amma ba ya maye gurbin firji mai aiki da babur mai mai da zai kai majo ƙauyukan nesa kowane wata. A arewa, wajen Tanut da Belbeji da Taskar, inda makiyaya suke bin ruwa da ciyawa, gini ma ba shi ne amsa ba, sai ayarin ma'aikata mai bin rijiyoyi da mashaya, kuma zai fi kyau a haɗa shi da masu allurar dabbobi, tunda makiyayi ba ya ƙin kawo garkensa.

Na san za a ce duk wannan sai da kuɗi. Gaskiya ne, kuma shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, alkawarin da ƙasarmu ba ta cika ba tukuna. Takunkumin da aka ƙaƙaba mana bayan Yulin 2023, lokacin da kayan magani suka maƙale a hanya, ya koya mana haɗarin jingina lafiyar ƴaƴanmu ga taimakon waje, wanda mai ba da shi yake iya janyewa ranar da ya ga dama. Jihar da take da matatar man fetur tun 2011 bai dace a ce mai naƙuda tana jiran a yi karo-karon kuɗin man motar asibiti a cikinta ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na jiha da na gundumomi, da magadan gari, da su mai da watan Mayu watan shiri. Kafin ruwan farko ya yanke hanya, a ce maganin masassara da kayan gwajin jini da gishirin zawo da abincin masu tamowa na wata huɗu sun riga sun isa kowace likita da kowane ɗakin shan magani, an kuma biya su bashin da suke bi. Maganin rigakafin masassara da ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a kowane wata na damina ya fara a kan lokaci, a kuma koma gida-gida a tabbatar an sha na rana ta biyu da ta uku, domin a nan ne ake yawan sakaci. A shirya gangamin ba da jini a masallatai da makarantu tun watan Yuni, kada a jira sai yaro ya yi fari a fara neman dangi. Kowace gunduma ta ware kuɗin man motar majinyata a kasafinta, garuruwa kuma su kafa asusu na karo-karo da kaka, lokacin da kowa yake da tiya ɗaya da zai iya bayarwa. Ƴan sa-kan ƙauye, waɗanda suke duba yara a garuruwan da suka fi kilomita biyar daga likita, a riƙa biyansu ɗan alawus ɗinsu a kan kari, domin mutumin da ya bar gonarsa don ƴaƴan wasu bai kamata ya yi wata shida yana jira ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina da roƙo na musamman gare ka. A watan Agusta mai zuwa ka tura wakilinka ya kwana biyu a wani ɗakin shan magani da ke nesa da kwalta, ya buɗe kabad ya ƙidaya abin da ke ciki, ya tambayi matan da ke layi daga ina suka taso da kuma kwana nawa yaron ya yi kafin su fito, sannan ya buga abin da ya gani. Idan yana bukatar ɗan rakiya, ina nan Birni, ƙafata tana iya hawa babur har yanzu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon majo mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.